Amfanin Haɗa Ma'aikata Iri-Iri a Harkar Ciniki: Misali Daga Goro da Gyaɗar Kano

Gabatarwa

Duk mai dukiyar da cinikinsa ya bunƙasa har ya fi ƙarfin hannuwansa biyu, tilas wata rana ya tsaya ya yi shawarar wanda zai ɗauka aiki. Galibi wanda yake fara faɗo masa a rai shi ne ɗan'uwa, ko ɗan unguwa, ko ɗan garinsu, domin an san gidansu, an san iyayensa, in kuma ya yi ɓarna an san inda za a kai ƙara. Wannan dalili ne mai ƙarfi, bai kamata a raina shi ba. Sai dai tarihin kasuwancin ƙasar Hausa ya nuna cewa akwai wata riba wadda ba ta samuwa sai mai dukiya ya tara mutanen da suka bambanta da shi, suka kuma bambanta da juna, ta fuskar harshe da asali da sani.

Wannan maƙala za ta duba yadda hakan ta faru a manyan harkoki biyu da suka ɗaukaka sunan Kano, watau fataucin goro zuwa Gwanja a ƙarni na 19, da cinikin gyaɗa wanda ya kankama daga shekarar 1912. Daga nan za a zayyana ire-iren amfanin da aka samu, a kawo hujjar masu ganin cewa na gida ya fi, sa'an nan a bayyana sharuɗɗan da in babu su haɗin ba ya haifar da komai sai rigima.

Abin da ake nufi da ma'aikata iri-iri

Ma'aikaci a nan ya haɗa da duk wanda yake yi wa mai dukiya hidima don wani sakamako, ko albashi ne, ko la'ada, ko kason riba. Saboda haka yaron kanti da akawu da dillali da ɗan dako da wakilin da yake sayo kaya a ƙauye duk sun shiga ciki. Iri-iri kuwa yana nufin su bambanta wajen ƙabila ko harshe ko addini ko garin haihuwa, ko su kasance maza da mata, manya da matasa, masu ilmin allo da masu ilmin boko. Muhimmin abu shi ne kowane bambanci yana tafe da wani sani wanda sauran ba su da shi, kuma wannan sanin ne yake zama kuɗi a kasuwa.

Kano, matattarar baƙi

Kafin a shiga zancen ayari, ya kyautu a tuna cewa kasuwancin Kano tun asalinsa na haɗaka ne. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), ya kuma ambaci zuwan Asbinawa da Barebari da Larabawa ƙasar Hausa a zamanin Sarki Yakubu (1452-1463). Kasuwar Kurmi kuwa ana danganta kafa ta ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Har yau sunayen unguwannin birni suna ba da shaidar wannan tarihi. Akwai Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Agadasawa, da Ayagi inda Yarabawa suka zauna, da Dandalin Turawa, wanda Turawan da ake nufi a cikinsa Larabawan Arewacin Afirka ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan jama'u ya zo da hanyarsa da hajarsa da abokan cinikinsa na nesa, birnin kuma ya ci moriyarsu duka.

Ayarin Gwanja

Goron da Hausawa suka fi so a ƙarni na 19 yana fitowa ne daga dazuzzukan ƙasar Tonawa, watau Asante, a cikin Ghana ta yau. Ana kawo shi kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, inda fatake suke sayensa da abin da suka kawo na tufafi da kanwa da fatu da dabbobi. Tafiyar takan ci watanni, ana ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu da ƙasar Dagwamba, kowace da sarkinta da harshenta da kuɗin da take karɓa kafin ta ba da hanya. Ga 'yan fashi, ga kuma goro shi kansa abu ne mai saurin lalacewa. Sai an naɗe shi da ganye, ana yayyafa masa ruwa, ana kwance huhu lokaci lokaci ana tsince wanda ya ɓaci don kada ya ɓata sauran.

Irin wannan aiki ya fi ƙarfin sanin mutum guda. Shi ya sa ayari yake da tsari. Madugu shi ne uban tafiya, shi ne mai yanke shawara. Jagaba yana gaba, shi ya san hanya da mashaya da wurin sauka. Uban dawaki yana kula da tattara abin da za a biya masu ƙasa. Malamin ayari yana riƙe da rubutu da lissafi, yana kuma yin addu'a. Ban da waɗannan akwai masu kula da jakuna, da 'yan alaro, da mata masu dafa abinci waɗanda su ma suke ɗan taɓa cinikinsu. In an isa zango kuma sai a sauka gidan fatoma, wanda ya daɗe a garin, yana jin harshen mutanen wurin, shi zai nemo dillali, shi zai tsaya wa baƙo in an yi ciniki bashi.

Wani abin lura shi ne asalin manyan fataken kansu. Binciken da masanin tarihi Paul Lovejoy ya wallafa a 1980 ya nuna cewa jama'u uku ne suka fi rinjaye a fataucin goro, watau Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Agalawa da Tokarawa asalinsu daga wajen ƙasar Buzaye ne, Kambarin Barebari kuwa daga Barno. Dukkansu baƙi ne da suka zauna a ƙasar Hausa, suka ɗauki harshenta, amma ba su yar da sanin da suka gada na dabbobin sufuri da doguwar tafiya da hulɗa da wasu al'ummu ba. Ashe ke nan fataucin da ake yi wa kirari da na Hausawa, gudummawar mutane masu asali daban-daban ce ta gina shi.

Tilas kuma a faɗi cewa ba duk wanda yake cikin ayari ne ya shiga da son ransa ba. Akwai bayi a cikin masu ɗaukar kaya, akwai kuma waɗanda su kansu haja ne. Wannan ɓangare na tarihin zalunci ne, ba ya cikin abin koyi.

Cinikin gyaɗa

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso birnin a 1911, aka kuma buɗe ta ga jigilar kaya a 1912. Abin da Turawa suka sa rai jirgin zai riƙa ɗauka shi ne auduga, don masaƙun Lankasha. Tun a 1902 aka kafa wata ƙungiya a Ingila musamman don bunƙasa noman auduga a ƙasashen da suke mulka, ta kuwa ɗora babban buri a kan Arewacin Nijeriya. Amma lissafin bai fita ba. Masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Turawa, saboda haka manomi bai ga dalilin kai musu tasa ba. Masu wannan shiri dukkansu iri ɗaya ne, tunaninsu ɗaya, bukatarsu ɗaya, babu kuma wanda ya san kasuwar ƙauye a cikinsu da zai ce musu ga inda gizo yake saƙa.

Gyaɗa ce ta ɗauki wurin da aka tanadar wa auduga. A Turai ana neman manta don yin sabulu da man shafa wa burodi. Shi kuwa manomi ya ga cewa ƙasar jigawa tana karɓarta, ga haraji ana nema da tsabar kuɗi, in kuma farashi ya faɗi yana iya cin abarsa, abin da ba zai yiwu da auduga ba. Gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 sai da ta haura tan 19,000, har jirgin ya kasa kwashe abin da aka tara a tashar Kano.

Tambayar ita ce, wa ya isar da labarin farashi ga dubban manoma cikin ɗan wannan lokaci, ya kuma tattaro amfanin daga ƙauyuka zuwa bakin sikeli? Baturen kanti bai iya ba, domin ba ya jin Hausa sosai, bai san dagatai ba, bai san wanda za a ba bashi ya biya ba. Kamfanonin da suka buɗe kantuna a Kano, irin su Kamfanin Neja da Janhol, sun dogara ne ga fataken da suka riga suka goge a cinikin goro. Daga cikin waɗanda suka yi suna a farkon wannan ciniki akwai Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Adamu Jakada da Alhassan Ɗantata. Kamfani yakan ba irin waɗannan attajirai kuɗi ko kaya, su kuma su rarraba wa yaransu, yaran su bazu cikin ƙauyuka da tufafi da gishiri da kuɗi, su yi ciniki da manoma ta hannun mutanen da manoman suka yarda da su. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Tarihin Alhassan Ɗantata ya isa misali. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa. Ya yi zama a Ankara ta ƙasar Ghana, ya yi fataucin goro, har yana cikin waɗanda suka riƙa ɗoro shi a jirgin ruwa zuwa Ikko. Saboda haka lokacin da Kamfanin Neja ya ɗauke shi wakilin sayen gyaɗa a 1918, ya riga ya san ƙauyen Kano, ya san bakin teku, ya kuma san yadda ake hulɗa da Turawa. Kamfanin ya sami abin da ba zai iya aikowa da shi daga Ingila ba, shi kuma ya sami jari mai yawa. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma.

Fatake ba su kaɗai ne a harkar ba. A bakin sikeli da cikin ofis akwai akawuna Yarabawa da mutanen Saliyo da na Ghana, waɗanda suka riga suka sami ilmin boko, su ne masu rubuta nauyi da riƙe littafin kuɗi. Yawancinsu a Sabon Gari suka zauna. Akwai Kwarori, watau mutanen Sham da Labanan, da kuma Larabawan Tarabulus, waɗanda suka tsaya tsakanin manyan kamfanoni da ƙananan masu saye. Ɗaya daga cikin mutanen Tarabulus, wani Bayahude mai suna Saul Raccah, ya bunƙasa har ya yi gogayya da kamfanonin Turawa wajen fitar da gyaɗa. Akwai mata a cikin gidaje masu ɓarar gyaɗa, akwai masu jakuna da Buzaye masu raƙuma da suke kawo ta tasha, akwai 'yan dako masu jera buhuna har su zama dala. Buhu ɗaya kafin ya isa Ikko ya bi ta hannun mutanen da ba su haɗa harshe ko addini ba, in kuma aka cire ɗaya daga cikinsu sai tafiyar ta tsaya.

Ire-iren amfanin

Daga waɗannan misalai biyu ana iya fitar da amfani huɗu.

Na farko shi ne isa ga mai saye. Mutum ya fi sakin jiki da wanda yake jin harshensa, ya kuma san al'adarsa. Wannan bai tsaya ga ƙabila kaɗai ba. A garuruwan da ake kulle, namiji baligi ba ya shiga gidan wani, saboda haka hajar da ake so ta kai ga matan aure sai ta hannun dillaliya. Mai kayan da ba shi da mace a cikin masu yi masa hidima ya rufe wa kansa ƙofar kasuwa mai faɗi.

Na biyu shi ne samun labari. Riba a ciniki tana ga wanda ya riga sanin inda kaya suka yi araha da inda suka yi tsada. Mutanen gida ɗaya labarinsu ɗaya ne, abin da wannan ya ji shi wancan ya ji. Amma wanda yake da yaro daga Damagaram, da wani daga Badun, da wani daga Yarwa, kunnuwansa suna garuruwa uku.

Na uku shi ne tsira daga kuskuren da kowa ya yarda da shi. Shirin auduga ya nuna yadda mutane masu ilmi da kuɗi suke iya haɗuwa a kan kuskure ɗaya, don kawai babu mai kallon al'amarin ta wata fuska a cikinsu. Wanda ya tashi a wani wuri dabam yakan yi tambayar da 'yan gida ba sa yi, domin su a wurinsu abin ya zama jiki.

Na huɗu shi ne yalwar gwanaye. Allah bai tara baiwa a gida ɗaya ba. Mai dukiyar da ya ce sai danginsa, zai zaɓi akawunsa daga cikin mutum goma ko ashirin, alhali abokin gasarsa yana zaɓa daga cikin gari guda. Bugu da ƙari, ɗan'uwa in ya gaza yana da wuyar sallama, domin maganar takan koma ta zumunci.

Hujjar masu cewa na gida ya fi

Masu wannan ra'ayi suna da misali mai ƙarfi, shi ne unguwar Sabo ta Badun, wadda masani Abner Cohen ya yi nazarinta ya wallafa a 1969. Ya nuna cewa Hausawan Sabo sun riƙe cinikin shanu da na goro tsakanin Arewa da Kudu ne saboda sun zama jama'a guda mai harshe ɗaya da addini ɗaya da shugaba ɗaya. Cinikin na bashi ne, ba takarda, ba banki. Mai shanu yana miƙa dukiyarsa ga maigidan da ya sauka a wurinsa, ya jira kuɗinsa, abin da yake tsare dukiyar kuwa shi ne tsoron zubewar mutunci a cikin jama'a. A nan kam kama da juna ita ce jari.

Amma in aka ƙara dubawa za a ga abu biyu. Na ɗaya, shanun Fulani ne suka yi kiwonsu, mahautan da suke saye kuma Yarabawa ne, goron ma daga gonakin Yarabawa yake fitowa. Darajar maigida da dillalinsa tana ga yadda suka san mahautan nan ɗaya bayan ɗaya, wane ne mai biya, wane ne mai taurin bashi. Na biyu, kamar yadda aka gani a zancen Agalawa da Kambarin Barebari, sunan Bahaushe a zango riga ce mai faɗi, ta rufe mutane masu asali iri-iri. Abin da ya ɗaure su shi ne ƙa'ida guda wadda kowa ya sani, da hukuncin da yake hawa kan wanda ya karya ta. Darasin Sabo ke nan: amana ita ce tilas, jini kuwa hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin samunta.

Sharuɗɗan cin moriyar haɗin

Tara mutane iri-iri a rumfa ɗaya ba ya wadatarwa. Sharaɗi na farko shi ne a sami harshen aiki da kowa yake ji, kamar yadda Hausa ta zama a ayari da zango. Na biyu, ƙa'ida ta zama ɗaya ga kowa, wajen lada da wajen horo. Ranar da ma'aikata suka gane cewa ɗan'uwan maigida yana yin laifi a kyale shi, ranar kowa zai koma cikin 'yan garinsu, shago ɗaya ya rabu gida uku. Na uku, a saurari mutum a kan abin da ya sani. Ba amfani a ɗauki mai jin Faransanci ko mace mai sanin bukatun mata, sa'an nan a hana su baki a wurin shawara.

Na huɗu shi ne a bar ƙofar ɗaukaka a buɗe. A nan ne kamfanonin Turawa suka gaza. Sun ci moriyar sanin 'yan ƙasa, amma manyan kujeru sun daɗe a hannun Turawa kaɗai. Kamfanin UAC, wanda ya gaji Kamfanin Neja a 1929, bai sami shugaba ɗan Nijeriya ba sai a 1975, lokacin da aka naɗa Christopher Abebe, bayan dokar mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972. Wanda ya san cewa komai ƙoƙarinsa ba zai wuce inda yake ba, ba zai ba da duk abin da yake cikinsa ba, in kuma ya sami dama zai tafi da saninsa ya buɗe nasa.

Darajar haɗin takan fi bayyana ranar da aka rasa shi. Bayan rikicin 1966, wanda aka yi asarar rayuka masu yawa a cikinsa, dubban ma'aikata 'yan Gabas sun bar Arewa, hukumar jirgin ƙasa da gidan waya da kamfanoni suka shiga ƙarancin direbobi da makanikai da akawuna. Haka nan a 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta kori baƙin da ba su da takardun zama, cikinsu har da Hausawa da Yarabawa masu yawa, gonakin koko da kasuwanni suka rasa hannuwan da suka saba da su. Sanin da aka tara cikin shekaru ba ya maye gurbinsa cikin wata guda.

Kammalawa

Ayarin Gwanja ya zama tarihi, dalar gyaɗa ma ta ɓace tun bayan fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970. Amma buƙatar da ta sa madugu ya nemi jagaba, ta sa Kamfanin Neja ya nemi Ɗantata, tana nan ba ta gushe ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Dawanau yana sayar wa mutanen Nijar da Chadi da Kamaru, yana sayo kaya daga Ikko da Dubai da Sin, yana karɓar kuɗi ta waya, ana kuma neman sa da takardun banki da na kwastan. Babu gida ɗaya da ya tara masu sanin waɗannan duka. Saboda haka in ya tashi ɗaukar ma'aikaci, bayan ya tambayi ɗan gidan wane ne, ya kamata ya ƙara da tambaya ta biyu: me wannan ya sani wanda babu mai saninsa a cikin waɗanda suke tare da shi? Riƙon amana kuwa a neme shi wurin kowa, na gida da baƙo, a kuma saka wa kowa da mudu ɗaya.